Katin Baƙi da Wasali na Haɗin Gida: Koya wa Yara Karatu da Haɗa Kalma a Azuzuwan Farko na Abuja

Tsakure

Wannan maƙala ta duba katin haruffa da malami ko uwa ke yankawa da hannu don koya wa yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai karatu da haɗa kalma a Babban Birnin Tarayya. Hujjar da ta kafa ita ce, amfanin kati ya rataya ne ga tsarin harshen da aka yanka shi dominsa. Katin da aka kwaikwayo daga Turanci aka miƙa wa yaro mai jin Hausa yakan rikita shi, alhali rubutun Hausa na boko, da yake kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, ya fi sauƙin farawa. An dogara da abin da marubucin ya gani a azuzuwa, da nazarce-nazarcen da aka riga aka wallafa, da tsarin babbaƙu da farfaru na makarantar allo.

1.0 Gabatarwa

 Ku yi mini izini in fara da wani kifi.

Wata safiya na je duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa a wata firamare da ke bayan garin Gwagwalada. Malamar aji ɗaya ta ɗaga wani kati mai sheƙi irin na kanti, an rubuta F, a ƙarƙashinsa ga hoton kifi. Ta ce, "Wa zai gaya mini wannan?" Wani yaro ya miƙe tun kafin a nuna shi, ya ce, "Anti, kifi ne!" Ta girgiza kai, ta faɗi sunan kifin da Turanci, aji ya ɗauka da ƙarfi har sau biyar. Da aka tashi tara na kira yaron, na rufe hoton da babban yatsana, na nuna harafin na ce ya gaya mini yadda yake kuka. Ya dube ni ya ce, "Ki."

Yaron nan bai yi kuskure ba. Abin da muke so kowane mai koyon karatu ya yi shi ya yi: ya dubi hoto, ya saurari farkon sunansa, ya liƙa wa harafin. Katin ne aka yi wa wani yaro na wata ƙasa.

Girman matsalar ba baƙo ba ne gare mu. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu suka fitar a watan Yuni na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su gane shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 89. Nan Abuja ce mazaunin hukumomin da ke tsara ilimin ƙasa: Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta UBEC tana Wuse, majalisar NERDC mai tsara manhaja tana Sheda a ƙaramar hukumar Kwali. Amma Abuja ba Maitama da Asokoro kaɗai ba ce. Akwai Abaji da Kuje da Bwari da ƙauyukansu, akwai Mpape da Gwagwa da Karmo, inda na sha shiga ajin da littafi ɗaya ke yawo tsakanin benci uku. A irin wannan aji kwalin taliya da almakashi su ne kayan aikin da ba sai an jira kwangila ba.

2.0 Foniks da babbaƙu

Abin da ake kira foniks shi ne koya wa yaro sautin da kowane harafi ke ɗauka, sannan ya haɗa sautukan su zama kalma, ya kuma warware kalmar da ya ji ya mayar da ita haruffa. Kwamitin karatu na ƙasar Amurka ya ba da rahoto a 2000 cewa koyar da wannan bisa tsari ya fi barinsa ga dace. A Clackmannanshire ta Sikotland, Rhona Johnston da Joyce Watson sun bi sawun yara har shekara bakwai, suka wallafa sakamakon a 2005. Rahoton Jim Rose na 2006 ya sa Ingila ta rungumi hanyar. Wanda malamanmu suka fi sani shi ne Jolly Phonics, mai sauti 42 cikin rukuni bakwai, wanda littafinsa na jagorar malami ya fito a 1992 daga hannun Sue Lloyd, ya shigo Nijeriya ta Akwa Ibom, daga baya aka horar da malamai a kansa a jihohi da dama. Shi kuwa harafin da yaro ke taɓawa da hannu ya girmi duk waɗannan. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a 1907, ta yanka haruffa masu kaushi yara na bi da yatsa, ta kuma lura cewa da yawansu sun fara haɗa kalma kafin su fara karanta ta wani.

Duk da haka, mu da muka riƙe allo ba mu da hujjar ɗaukar abin kamar sabon shiga gari. Kolo yakan fara da babbaƙu, baƙaƙe zalla, kowanne da sunan da ke kwatanta surarsa da mazauninsa: lam jaye, mim ara, nun guda, ha kuri. In ya riƙe su sai a shiga farfaru, a sa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, har baƙi ya yi magana. Baƙi tukuna, sannan wasali, sannan a haɗa. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan foniks, kuma iyayen yaran da muke koyarwa a Zuba da Dei-Dei sun san shi a jikinsu. Da na ce wa wata uwa katin nan babbaƙun boko ne, ba ta sake tambayata amfaninsa ba.

3.0 Yadda tsarin Hausa ke faɗa wa almakashi inda zai bi

Rubutun boko gyararren rubutu ne, an zauna an tsara shi. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ. Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980 duk sun ƙara daidaita shi. Ribar wannan ga yaro babba ce. Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta yaran Turai masu harsuna dabam-dabam a 2003, suka ga masu rubutu madaidaici irin na Finland da Italiya da Girka suna karanta kalmomi masu sauƙi kafin ƙarshen shekarar farko, masu Turanci kuwa sai sun ninka wannan lokaci fiye da sau biyu. Hausa tana sahun farko.

Mu ƙirga. Baƙaƙe 23 idan an sa sh da ts da 'y, sai masu goyo bakwai, wato fy, gw, gy, kw, ky, ƙw, ƙy, sai hamza. Wasula biyar, tagwaye biyu, ai da au. Duka 38. Kwalin taliya ɗaya ya ishi saitin yaro har da ragowa, sai dai a riɓanya wasula, musamman a, don ita ce ta fi kowa zirga-zirga a Hausa. Ƙa'idar yanka ɗaya ce: sauti ɗaya, kati ɗaya. Kada a raba ts gida biyu, don yaron da ya ga t da s a kati dabam zai nemi ya furta kowanne. In ts tana katinta, sh tana nata, sai ya ɗaga s a sara ya ajiye ts ya sami tsara, ya ajiye sh ya sami shara. Haka gara da gyara, haka ƙarya da ƙwarya.

Baƙaƙe a rubuta su da baƙar maka, wasula da ja. Wannan ma ba daga waje muka aro ba, duk wanda ya buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar nan ya ga baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. Katin yaro kada ya wuce tafin hannunsa, na malami ya kai a hango shi daga bencin baya. A lulluɓe fuskar da salatif saboda gumi da miyau da laimar damina. Mai son harafi mai kaushi ya jiƙa ƙaro ya bi layin harafin, ya barbaɗa rairayi, ya shanya. Bayan tsohuwar kalanda ma yana yi, haka fastocin 'yan takara, waɗanda bayan zaɓe ba su da wani aiki sai wannan.

Akwai wani aibi da kati ke da shi wanda allon bango ba shi da shi: yana juyawa. Yaro ya kifa n ta zama u, ya kifa m ta yi kama da w, ga b da d da ɓ da ɗ, 'yan gida ɗaya su huɗu. Maganin bai wuce a ja layi a gindin kowane kati ba, a ce masa harafi a kan layin nan yake zama, ko a gutsure kusurwar sama ta dama. Kuma a nisanta b da d da makonni. Sai ɗaya ta zauna daram a kawo ɗayar.

Da wane harafi za a fara? Ba da jerin abacada ba. Jolly Phonics ya zaɓi s, a, t, i, p, n ne don suna haifar da kalmomin Turanci da yawa, kuma p ma ba ta cikin abacadar Hausa. Ni da a, m, n, k nake farawa. Ana iya jan m da n a baki, malami ya ce "mmm" yana tura katin a hankali har ya taɓa a, sai ma ta fito da kanta. Wannan yana da muhimmanci, don mun saba kiran baƙaƙenmu da wasali a manne, ba, ca, da. Yaron da aka koya wa sunan k shi ne "ka", in ya zo kifi sai ka ji ka-i-fa-i. Baƙi irin k da ba ya jawuwa, a haɗa shi da wasalinsa nan take, kada a bar shi tsirara. Da waɗannan haruffa huɗu kaɗai yaro zai hau tsani, yana sauya kati ɗaya kowane taki: kaka, kama, nama, mama, mana, kana. A mako na biyu ya karanta cikakkiyar jimla, Kaka na nan. Na ga yarinyar da ta karanta wannan ta waiga ƙofar aji. A ƙara i, sai ga Ina nama?

Wani abin da ya fi koya mini darasi shi ne yaron da na ba katin gaɓa biyu, na da ma, na ce ya rubuta mini nama. Ya jera su da sauri, ya harɗe hannu. Na duba na ga mana. Na ce ya karanta mini, ya ɗora yatsa daga dama ya ce na-ma. Da yamma makarantar allo yake zuwa, can kuwa daga dama ake farawa. Haɗinsa daidai ne, alƙibla ce ta bambanta. Malamin da bai lura ba zai sa masa sifiri ya ce ba ya ja. Tun daga ranar nake sa a liƙa koren ƙyalle a gefen hagu na benci ko tabarma, a ce boko daga kore yake tashi. Irin wannan yaro ma ya riga sa'o'insa wani wuri: in an zo rufaffiyar gaɓa kamar nan da tam a tambaya, ce masa ɗauri ne, in an zo baba da babba, ce masa shadda ce, ya gama ganewa.

Hoto kuma a yi shi da Hausa, in da hali ya shiga jikin harafin. Linnea Ehri da abokan aikinta sun nuna a 1984 cewa yara sun fi riƙe harafi idan hoton ya ɗauki surarsa. Cikin a ya zama fuskar agogo, s ta zama sarƙa, lanƙwasar ɓ ta zama wutsiyar ɓera. Ita kuwa ƙ kamar don haka aka yi ta, ƙugiya ce a kanta, sunan ƙugiya kuma da ita ya fara. Hoton ya zauna a bayan kati, a leƙa in an manta, don in yana gaba yaro hoton zai riƙa karantawa.

4.0 Shifta da ƙa'idojin rubutu

Karatu da haɗa kalma hanya ɗaya ce, zuwa da dawowa. Yaro ɗan shekara biyar yakan ji sautukan kalma tun yatsunsa ba su iya sarrafa fensir ba, kati kuma ya ɗauke masa wahalar zana harafi ya bar shi da tunanin. Kafin kati, marfin kwalba: malami ya faɗi kalma, yaro ya tura marfi ɗaya wa kowane sauti, dabarar da aka fi dangantawa da Daniil Elkonin na Rasha. Tsani marfi huɗu ne, ba biyar ba. Sannan a musanya kowane marfi da katinsa, a ƙarshe a kwafe a littafi.

A nan ne ƙugiya ke samun haƙƙinta. A sa yaro ya haɗa baki ya mayar da shi baƙi, fada ta koma faɗa, sabo ya koma saɓo. Mu manya wayar hannu ta riga ta lalata mu, muna aika saƙo babu ƙugiya ko ɗaya muna barin mai karatu da canka. Yaron da ya ɗaga k da hannunsa ya ajiye ƙ ya ga kafa ta zama ƙafa da wuya ya ɗauki lanƙwasar nan a matsayin ado.

Ina kuma yanka kati guda da ba a rubuta komai a kansa ba, katin tazara. Rabin kurakuran da muke gyarawa a takardun ɗaliban jami'a na raba kalma ne da haɗe ta. Yaro ya jera motata, ya jera mota ta tafi, ya ga inda farin kati ya shiga da inda bai shiga ba. Haka yana, haka masu.

Abu biyu ne rubutunmu ba ya nunawa, tsawon wasali da karin sauti. Gari na mutane da gari na tuwo kati ɗaya ne, kuka na hawaye da kuka ta miya haka. Jimla ce ke raba gardama, shi ya sa bai kamata a daɗe kan kalma tilo ba.

5.0 Harshen aji da ƙetarawa zuwa Turanci

Na san tambayar da ke bakin wasu: a Abuja, wace Hausa? Tambaya ce mai kyau. Tun kafin dokar 1976 da ta kafa birnin, ƙasar Gbagyi ce da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana. A Nyanya da Karu da Lugbe, Turancin buroka ne ke haɗa yara da yawa a filin wasa. Ba na kiran a ɗora wa kowa Hausa. Inda yaran aji Gbagyi suka fi ji, a yanka musu na Gbagyi, a ba gb katinta kamar yadda muka ba ts, wannan ma wani fifiko ne na haɗin gida a kan na kanti. Amma a unguwanni da ƙauyuka da yawa Hausa ce harshen kasuwa da wasa ko ga waɗanda ba Hausawa ba, malami kuma ya fi kowa sanin da wane harshe yaransa ke faɗa da juna.

Manufar hukuma ta sha juyi. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko na firamare. A ƙarshen Nuwamba na 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta miƙa shi zuwa shekara shida, abin da Babs Fafunwa ya gwada da Yarbanci a Ife tun 1970. A Nuwamba na 2025, a nan Abuja, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Ra'ayina shi ne, ko da wane harshe ake koyar da lissafi da kimiyya, gano cewa zane yana ɗaukar sauti sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji. Minti ashirin a rana ya isa, a aji ko a tsakar gida. Yajin aikin malaman firamaren Abuja na 2025, da ya haura wata uku, ya nuna mana cewa tsakar gidan ma dole a shirya mata.

In an zo Turanci a yanka sabon saiti, a kan kwali mai wani launi, kada a gauraya. Yawancin baƙaƙe za su ƙetara lafiya, m tana nan m, haka b da d da k da l. Aikin malami ya tattara ne kan maciya amana. Ta farko c: yaron da ya iya karanta cokali in ya ga cat zai furta ta da sautin Hausa, ya faɗi wata kalma dabam. Sai wasula, inda sunan e na Turanci yake sautin i na Hausa, sunan i kuma yake ai, don haka a ajiye waƙar sunayen haruffa sai sauti ya zauna. Sai p da f, waɗanda kunnen Bahaushe ke ji kamar abu ɗaya, da v da th da babu su gare mu. Na ƙarshe cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muka ce burodi da direba da birki. Yaro zai cusa wasali a tsakanin s da t na stop. A ba shi jan kati ya cusa da hannunsa, ya karanta yadda bakinsa ke so, sannan ya zare shi ya matse baƙaƙen biyu ya sake gwadawa.

6.0 Inda kati ya tsaya

Philip Gough da William Tunmer sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu haɗin abu biyu ce, iya furta abin da aka rubuta da jin harshen, in ɗaya ya zama sifiri duka sun zama sifiri. Kati na farkon yake bayarwa. Yaro na iya furta shafin Turanci tsaf bai san me ya ce ba, mu kuma mun san bambancin tilawa da tafsiri. Saboda haka tatsuniya da hira da karanta wa yara labari ba sa faɗuwa don an yanka kati.

Akwai kuma hadda, wadda yaranmu suka ƙware a kai har takan ruɗi malami. Gwajin da Ingila ke yi wa 'yan aji ɗaya tun 2012 kalma 40 ne, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don a tabbatar yaro haɗawa yake yi. Da kati wannan ba ya cin ko sisi: a jera zomi ko ƙwalu, a ce wani baƙon tsuntsu ne, a ji ko zai kira sunansa.

Daga nan sai littafi. Shirin RANA a Katsina da Zamfara da na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun samar da littattafan Hausa na azuzuwan farko da aka tsara daki-daki, kuma ban ga abin da zai hana hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja ta nemo su don makarantun da Hausa ta yi rinjaye ba. Kafin su iso, a naɗe farar takarda gida huɗu, a ɗinke da zare, a rubuta jimla ɗaya a kowane shafi da haruffan da aka riga aka koya kaɗai. Roƙona ga abokan aiki a Kwalejin Ilimi ta Zuba da Jami'ar Abuja shi ne, ɗalibin da zai fita koyon koyarwa a aji ɗaya ya nuna wa mai duba shi saitin kati 38 da ya yanka da kansa, da farin katin tazara, da irin wannan ɗan littafi guda uku, kafin a sa masa hannu a takardar fita.